Muhawara: Kuɗin beli, ko lauya da tafinta? Me ya kamata mu yi idan an kama ɗan'uwa a Legas

Alhaji Garba, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana da ta daɗe tana damuna, tunda a zauren nan akwai lauyoyi, akwai malamai, akwai kuma dattawan da suka ga jiya a garin nan. Duk lokacin da aka kama wani daga cikin yaranmu, ko ɗan acaba ne, ko mai gadi, ko mai tura baro a kasuwa, abu ɗaya muka saba yi: a yi karo-karo, a tura wani babba caji ofis, a yi ciniki, a biya, a fito da yaro. Wanda kuɗinsa ya haɗu da wuri ya kwana a gida, wanda nasa bai haɗu ba sai mu ji an kai shi kotu, daga nan sai gidan yarin Kirikiri ko na Ikoyi, labarinsa ya ɓace na tsawon watanni. A ganina, da kuɗin nan da muke zubarwa an tara shi wuri ɗaya, an riƙe lauya tsayayye da mutum biyu masu jin Hausa da Turanci sosai domin yin tafinta, da ya fi mana amfani. Ina roƙon masana su faɗa mana abin da doka ta tanada.

Malam Isiyaku, Mile 12:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Niyyarka mai kyau ce, amma ina ganin ba ka yi la'akari da yadda abin yake a zahiri ba. An rubuta a bangon caji ofis cewa beli kyauta ne, kuma kowa ya san abin da ake yi a ƙarƙashin wannan rubutun. Mahaifin da aka kama ɗansa da daren Juma'a ba ya tunanin sashe kaza na doka, tunaninsa kada yaron ya kai Litinin a tsare. Sau da yawa ma da zarar an ga lauya sai magana ta ƙara tsami, a ce tunda kun zo da lauya sai mu haɗu a kotu, alhali da lallami da ɗan abin da ya sawwaƙa da maganar ta mutu a nan. Ban ce yin hakan daidai ne ba, na ce dai shi ne ke fito da yara.

Barista Hauwa:
Ina gaishe da iyayena, Alhaji Garba da Malam Isiyaku. Malam, ba zan musa abin da ka faɗa ba, domin muna ganinsa kullum. Amma ciniki yana aiki ne a ƙaramar magana, kamar kamen kan mai uwa da wabi da ake yi a samame, inda su kansu waɗanda suka yi kamen sun san babu abin da za su kai kotu. Idan maganar ta shafi sata mai nauyi, ko fashi da makami, ko rai, kuɗin karo-karo ba ya fito da kowa, kuma lokacin da dattawa ke kai-komo suna haɗa kuɗin, a lokacin ne ake rubuta takardar da za ta ɗaure yaron shekara da shekaru.

Ga abin da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a sashe na 35. Wanda aka kama yana da ikon yin shiru, ya ƙi amsa kowace tambaya har sai ya gana da lauya ko wani mutum da shi ya zaɓa. Dole ne a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, kuma da harshen da yake ji. Dole ne a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, idan babu kuma cikin kwana biyu, ko wani lokaci fiye da haka da kotu ta ga ya dace. A cikin Legas, ga kotunan majistare a Ogba, da Yaba, da Ebute Metta, da Apapa, don haka da wuya a samu caji ofis ɗin da zai fake da nisa. Sai dai sashen ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan ƙa'ida ta lokaci, kuma wannan ƙofa ce da ake yawan bi.

Abin da nake so mu dube shi da kyau shi ne sitatimen, wato bayanin da ɗan sanda ke rubutawa daga bakin wanda aka kama. Ku ɗauki yaron da ya zo daga ƙauye bara, yana gadi a wani gida da aka yi sata. Za a zaunar da shi gaban ɗan sanda mai bincike, a yi masa tambaya da Turancin buroka, shi kuma ya amsa da ɗan abin da ya tsinta a tasha da bakin titi. Ɗan sandan yana rubutawa a fom da nasa Turancin, yaron bai san abin da alƙalami ke zubawa ba. A ƙarshe a shafa masa tawada a babban yatsa ya dangwala. Ya ce shi ne ya buɗe ƙofa da asuba kamar yadda ya saba, takarda kuwa ta ce shi ne ya buɗe wa ɓarayi ƙofa. Bayan shekara biyu wannan takarda ce mai gabatar da ƙara zai miƙa wa alƙali, kuma doka ta yarda a ɗaure mutum da amsa laifinsa kaɗai idan kotu ta gamsu cewa da son ransa ya yi, kuma maganar ta fito fili. Sashe na 17 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya ce idan mutum ba ya jin Turanci, tafinta ne zai rubuta bayanin, ya karanta masa har ya fahimta, sannan shi ma tafintan ya sa hannu da sunansa da adireshinsa. Saboda haka ina tare da Alhaji: mutum ɗaya mai jin harsunan biyu da ya isa caji ofis kafin a dangwala yatsa ya fi kuɗin da za a kai bayan an dangwala.

Sagir, Obalende:
Anti Barista, na gode da wannan bayani, amma ina da tambaya. Yin shiru yana da sauƙin faɗa a nan. Mutumin da aka rataye, ko ake bugunsa da sanda a gwiwa, ta yaya zai ce ba zai yi magana ba sai lauyansa ya zo? Idan an tilasta masa ya sa hannu, shi ke nan ya halaka?

Barista Nura:
Sagir, bai halaka ba, amma aikin ya ƙara wahala. Sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar azabtarwa ko zalunci, kuma idan wanda ake tuhuma ya ce tilasta masa aka yi, nauyin tabbatar da cewa ba haka ba ne yana kan masu gabatar da ƙara. Yadda ake yi shi ne, a daidai lokacin da za a miƙa takardar a matsayin shaida, lauya zai miƙe ya ƙi amincewa, sai alƙali ya dakatar da babbar shari'ar ya yi wata ƙarama a cikinta kan tambaya ɗaya tak: da son ransa ya yi bayanin ko kuwa dole aka yi masa? Idan aka bari takardar ta shiga ba tare da an yi magana ba, sai daga baya mutum ya zo yana cewa an doke shi, yawanci kotu za ta ce lokacin wannan ƙorafi ya wuce. Wanda ba shi da lauya bai san da wannan ɗan lokaci ba, yana tsaye a akwatin kotu lokacin zai wuce shi.

Legas ma tana da wani tanadi da ya fi na wurare da yawa ƙarfi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta jihar, wadda aka fara yi a 2007 aka sake ta a 2011, ta ce a sashe na 9(3) idan mutum zai amsa laifi, a ɗauki bayaninsa a bidiyo, idan babu na'urar bidiyo kuma a rubuta shi a gaban lauyan da ya zaɓa. An daɗe ana ja-in-ja a kotuna kan ko wannan wajibi ne ko shawara, har a 2023 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Charles da Jihar Legas, cewa wajibi ne. Wannan babban makami ne a hannun lauya mai kare wanda ake tuhuma, domin da yawa daga takardun amsa laifi da ke cikin fayil-fayil babu bidiyo, babu lauya. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta shafe mu kai tsaye: idan ta bakin tafinta aka ɗauki bayanin, dole a kira tafintan ya ba da shaida a kotu, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta.

Shawarar da nake ba iyalai ita ce, ranar da kuka fara ganin ɗan'uwanku, ku duba jikinsa, ku rubuta kwanan wata da abin da kuka gani, idan an ba da belinsa ku wuce da shi asibitin gwamnati a rubuta rahoto. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ke hannunsa, amma tabon da ya warke ba tare da takardar likita ba yana da wuyar gamsar da alƙali.

Malam Abdulƙadir, Idi-Araba:
Ina bin maganar nan tun farkonta, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Duk bayanin da lauyoyinmu suka yi ya ginu ne a kan cewa yaron bai yi laifi ba. To idan ya yi fa? Kada mu yaudari kanmu, a cikin yaranmu akwai masu ƙwacen waya, akwai masu sayar da ƙwaya, kuma su ne suke ɓata mana suna a wurin masu masaukinmu. Idan muka tara kuɗin jama'a muka riƙe lauya, shi kuma ya fitar da ɓarawo saboda ba a ɗauki bidiyo ba, ina hakkin wanda aka yi wa sata? Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 105, kada ka zama mai husuma domin kare maha'inta. Ina so a warware mini wannan kafin in sa kuɗina.

Barista Hauwa:
Allah ya gafarta Malam, tambayar tana da nauyi, kuma kai ne ka fi mu sanin ɓangaren addini, don haka zan tsaya a kan abin da aikinmu ya ƙunsa. Lauya ba shi da izinin yi wa kotu ƙarya. Idan mutum ya gaya mini a asirce cewa shi ya aikata, ƙa'idar aikinmu ta hana ni kawo shaidar zur, ta hana ni ƙirƙiro cewa yana Kano ranar da abin ya faru, ta hana ni ɗora laifin a kan wani. Abin da ya rage mini shi ne in tabbatar an bi hanya, wato mai ƙara ya kawo hujjarsa, idan kuma an same shi da laifi in roƙi hukuncin da ya dace da girman laifin. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki ya ce kowa marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, kuma ban ga inda wannan ya saɓa wa abin da muka koya a makarantar allo da ta ilimi ba, cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa.

Sannan, Malam, a ranar da aka kama mutum, ni da kai ba mu san ko ya yi ko bai yi ba. Abin da muka sani kawai shi ne an zarge shi. Idan muka ce sai wanda muka tabbatar da gaskiyarsa za mu taimaka wa, to mun riga kotu yanke hukunci ke nan, ba tare da mun ji shaida ko ɗaya ba. Game da wanda aka yi wa sata kuwa, bugun mai gadi har ya amsa laifin da bai yi ba ba ya dawo masa da kayansa, illa ma ya sa a rufe bincike ainihin ɓarawon yana yawo.

Malam Abdulƙadir, Idi-Araba:
'Yata, na gamsu da rabin maganar. Malamai sun yi bayani cewa iƙirarin wanda aka tilasta ba abin dogaro ba ne, kuma ana kauce wa haddi idan akwai shubuha, wannan babu ja. Inda nake nan a kan bakana shi ne yaron da aka sani a unguwa, wanda an kama shi ba sau ɗaya ba. Irin wannan a sama masa tafinta domin kada a zalunce shi, amma kuɗin lauya iyayensa su nema. Dukiyar jama'a tana da waɗanda suka fi cancanta.

Hajiya Binta, Alaba Rago:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da ɓangaren mata, domin ba yara maza kaɗai abin ke shafa ba. Wata maƙwabciyata, mijinta ya karɓi kaya bashi daga wani ɗan kasuwa, ciniki ya karye, ya tafi gida neman abin da zai biya. Mai kayan ya zo da 'yan sanda, da ba su same shi ba sai suka tafi da ita da goyonta a baya, suka ce ba za ta fito ba sai mijin ya bayyana. Ta kwana a kan benci a bayan kanta, jaririn yana kuka, mu kuma muna waje da kwanon abinci an hana mu shiga. Da na ce zan tsaya mata, sai aka ce mace ba ta karɓar beli, in je in nemo namiji. Barista, a cikin abubuwan nan wanne ne doka ta yarda da shi?

Barista Hauwa:
Hajiya, ranki ya daɗe, babu ko ɗaya. Kama wani a madadin wani haramun ne a dokar Legas, haramun ne a sashe na 7 na dokar tarayya ta 2015, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake nanata shi. Laifi na wanda ya aikata ne, ba ya tsallakawa kan mata ko uwa ko ƙane. Na biyu, bashi da saɓa alkawarin ciniki ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa. Dokokin nan sun hana kama mutum a kan rigimar kuɗi tsakanin mutum biyu, kuma kotuna sun sha faɗa cewa karɓo bashi ba aikin ɗan sanda ba ne. Mai bin bashi kotu zai je ya shigar da ƙara, ko ya je cibiyar sasanci ta gwamnatin jiha inda ake zaunar da mutane kyauta. Dabarar da ake yi ita ce a sauya wa bashin suna a kira shi damfara ko cin amana, domin a samu hanyar shigo da 'yan sanda. Na uku, mace tana da cikakken ikon tsaya wa mutum, doka ta faɗa ƙarara cewa ba za a hana kowa karɓar beli don kasancewarta mace ba.

Maƙwabciyarki tana iya kai ƙara babbar kotu a kan tauye mata hakki. Sashe na 35(6) na Kundin Tsarin Mulki ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da hakkin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, kuma ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun ba wani damar shigarwa a madadin wanda ke tsare. Shi ma ɗan kasuwar da ya jawo 'yan sanda ana iya haɗawa da shi a ƙarar. Ina faɗar wannan ne da sanin cewa a cikin 'yan kasuwarmu ma akwai masu yin haka ga 'yan'uwansu.

Alhaji Garba, Agege:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, Barista, kuma mun san masu yi. Barista Nura, ina so ka yi mana bayanin waɗanda ake kai wa kotu sau ɗaya daga nan a manta da su. Akwai iyayen da ke kirana daga gida suna tambayar ranar shari'ar ɗansu, in bincika in tarar babu wata rana.

Barista Nura:
Ranka ya daɗe, wannan shi ne ciwon da ya fi kowanne. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron shari'ar kisa ko fashi da makami, sai babbar kotu. Amma 'yan sanda sukan kai mutum gaban majistare domin a ba da umarnin tsare shi a gidan yari kafin a samu shawarar daraktan gabatar da ƙararraki na Ma'aikatar Shari'a, wanda zai duba fayil ya ce akwai tuhumar da za a amsa ko babu. Kotun Ƙoli ta amince da wannan hanya a shari'ar Lufadeju da Johnson a 2007. Matsalar tana cikin tafiyar fayil ɗin: sai an kwafe shi, a aika, a duba, a dawo da shawara, kuma a kowane mataki yana iya kwanciya. Idan aka yi wa ɗan sanda mai binciken canjin wurin aiki, babu mai tuna da shi.

Doka ta sa iyaka. A dokar Legas umarnin farko ba ya wuce kwana 30, kuma ba a sabunta shi sai an nuna dalili mai ƙarfi, a dokar tarayya kuwa kwana 14 ne. Amma iyakar ba ta aiki da kanta, sai wani ya miƙe a kotu ya tuna wa majistare cewa wa'adi ya cika, ya rubuta wa ma'aikatar takarda, ya bi sawun fayil daga tebur zuwa tebur, ko ya nemi beli a babbar kotu. Wanda ba shi da mai yi masa wannan shi ne ake mantawa da shi. Shi ya sa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Gidan yarin Ikoyi an gina shi a 1955 domin mutum 800, amma a Disambar 2019, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a ciki, mutanen da ke tsare sun haura 3,000.

Ga wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Ofishin Lauyan Jama'a na Jihar Legas, wanda aka kafa a 2000 lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo ke kwamishinan shari'a, hedikwatarsa tana Surulere, kuma aikinsa kyauta ne ga marasa hali ba tare da tambayar jihar da mutum ya fito ba. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya da ke aiki tun 1976. Rassan ƙungiyar lauyoyi ma suna da masu zagaya caji ofis. Lauyoyin wuraren nan aiki ya yi musu yawa, kuma kaɗan ne a cikinsu ke jin Hausa, don haka ko da ba mu riƙe lauya namu ba, tafintan da zai raka su Kirikiri ya zauna tsakaninsu da wanda ke tsare zai sauya abubuwa da yawa.

Malam Isiyaku, Mile 12:
To, na ji, kuma na yarda cewa a babbar magana ciniki ba ya aiki. Amma akwai abin da har yanzu ba a taɓo ba, wanda a ganina ya fi lauya da tafinta tsare mutanenmu. Kotu takan ba da beli, mu yi murna, sai a karanto sharuɗɗa: mutum biyu masu tsayawa, masu aikin yi, da takardar shaidar biyan haraji ta jihar Legas, da adireshin da ma'aikacin kotu zai je ya gani da idonsa, wani lokaci har a ce ɗaya ya zama ɗan'uwa na jini ko mai gida a Legas. Yaron da yake kwana a rumfar kasuwa ko a harabar masallaci, danginsa duk suna Jigawa ko Sakkwato, ina zai samo waɗannan? Na san waɗanda aka ba su beli a kan ƙaramin laifi amma suka shafe watanni a ciki, har zaman ya fi hukuncin da za a yanke musu da an same su da laifin. A ƙofar kotu kuma ga masu sana'ar tsayawa suna jira da takardunsu a jaka, su ma kuɗi suke karɓa.

Barista Nura:
Malam Isiyaku ya taɓo inda ke ciwo. Doka ta ce kada sharuɗɗan beli su yi tsanani fiye da kima, kuma lauya yana iya neman a sassauta su, ko a gaban kotun da ta sa su ko a babbar kotu. Amma alƙali yana neman tabbacin cewa mutum zai dawo, kuma wanda ba shi da adireshi yana da wuyar ba da wannan tabbaci. A nan ne manyan 'yan kasuwarmu da ke da shago da gida da takardun haraji za su yi abin da lauya ba zai iya ba. Sai dai a shiga da ido buɗe: mai tsayawa ba ya biyan kuɗin da aka ambata a ranar beli, alkawari yake sa wa hannu, amma idan wanda ya tsaya wa ya gudu gida, kotu za ta neme shi ya kawo shi ko ya biya, kuma rashin biya yana iya kai shi gidan yari. Idan mai tsayawa ya ga alamar yaron zai gudu, yana da ikon zuwa kotu ya janye. Masu sana'ar tsayawa da takardun bogi kuwa a guje su, domin idan asiri ya tonu belin ne zai rushe.

Alhaji Garba, Agege:
Idan haka ne, sai a fara da abin da ba ya cin kuɗi: kowace unguwa ta fitar da masu tafinta, ta kuma rubuta dattawan da takardunsu suka cika waɗanda suka yarda su tsaya wa wanda shugabannin sana'arsa suka sani. Maganar riƙe lauya da sharaɗin da Malam Abdulƙadir ya kawo sai mu kai su gaban sarakunanmu na unguwanni.

Sagir, Obalende:
Baba Alhaji, kafin a kai can ina da sauran tambaya ɗaya ga lauyoyi. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, aka ƙara huɗu a watan Satumba, yara da yawa suna faɗawa kotun tafi-da-gidanka. Abin da ake gaya musu a mota kafin a isa shi ne su amsa laifi kawai, a ci su tara su tafi. Wannan shawara ce mai kyau?

Barista Hauwa:
Sagir, ya danganta da abin da aka rubuta a takardar tuhuma, kuma matsalar ita ce yawancinsu ba su san abin da aka rubuta ba. Idan mutum ya hau babur a hanyar da aka hana, an kama shi a kai, amsa laifi da roƙon sassauci yana iya zama hanya mafi sauƙi. Amma sau da yawa tuhumar ba ɗaya ba ce, ana iya haɗawa da tayar da hankalin jama'a ko far wa jami'i, a karanto su a jere da Turanci cikin sauri, yaro ya gyaɗa kai, a rubuta ya amsa duka. Wanda ya amsa laifi ya zama mai tarihin ɗauri ko tara, kuma ɗaukaka ƙara bayan amsa laifi ƙofarta ƙunci gare ta.

Sashe na 36(6) na Kundin Tsarin Mulki ya ba duk wanda ake tuhuma hakkin a bayyana masa laifin dalla-dalla da harshen da yake ji, a ba shi lokacin shirya kariya, a kuma ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Wannan ya shafi kotun tafi-da-gidanka kamar yadda ya shafi babbar kotu da ke Ikeja. Amma dole a nema tun a farkon zama, da baki, a kuma tabbatar an rubuta a littafin kotu. A shari'ar Gwonto ta 1983, Kotun Ƙoli ta ƙi rushe hukunci saboda waɗanda ake tuhuma suna da lauya, kuma ba a nuna sun nemi tafinta an hana su ba. Don haka ku gaya wa yaran, idan aka karanta tuhuma ba su gane ba, kada su gyaɗa kai, su ce Hausa suke ji, su tsaya a kan haka ko da za a ɗage zaman zuwa wata rana. Idan kuma laifin da hukuncinsa kisa ne, ko mutum ya ce ya amsa, kotu za ta rubuta masa bai amsa ba, kuma ba za a ci gaba da shari'ar ba sai yana da lauya, nasa ko wanda gwamnati ta ba shi.